Yadda Ake Shirya Samfurin Sankara Domin Gano Hanyoyin Saƙon Sel ta Furotin Masu Fosfet

Wannan bayani na ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne, a Samaru ko a Shika da ke Zariya, wanda ya iya renon sel da riƙe fifet amma bai taɓa shirya samfurin furotiyomiks ba, wato awon tarin furotin ɗin sel a lokaci guda.

A cikin sel, saƙon da ke sa ta rabu ta yawaita yana bi ne daga furotin zuwa furotin. Wani enzayim da ake kira kaines yana liƙa fosfet a kan amino asid ɗin sirin (S), tiriyonin (T) ko tairosin (Y) na furotin na gaba, wani kuma, fosfatas, ya zo ya cire. Ƙidayar 2002 ta nuna ɗan Adam yana da kaines 518. A sankara, wasu daga cikin waɗannan hanyoyi sukan maƙale a kunne. Auna yawan furotin kawai kamar ƙirga motocin da ke tashar Kwangila ne, ba za ka san wadda aka tayar da injinta ba. Fosfet ne ke gaya maka wannan. Kowane fosfet yana ƙara wa feftaid, wato gutsuren furotin, nauyin dalton 79.966, kuma wannan ƙarin ne na'urar awon nauyi, wato MS, take gani.

Na'urar tana iya kasancewa a wata ƙasa. Amma ingancin sakamakon a hannunka yake, domin fosfet yana sauyawa cikin daƙiƙoƙi, kuma abin da ya lalace a minti biyar na farko babu na'urar da za ta dawo da shi.

Kayan aiki

Na reno:
- Sel na MDA-MB-468. Na sankarar mama ne, irin wadda ba ta da furotin masu karɓar saƙo na ER, PR ko HER2, an samo su daga wata baƙar fata 'yar Amurka a 1977. Suna da EGFR, mai karɓar saƙon EGF, mai yawa kuma ba su da PTEN, fosfatas ɗin da ke taka wa hanyar AKT birki, shi ya sa suka dace da gwajin farko.
- Ruwan reno, siram, faranti mai faɗin santimita 10.
- EGF (mai kunna EGFR), gefitinib (maganin da ke toshe EGFR), DMSO (ruwan da ake narkar da maganin a ciki).

Na fasa sel da yanka furotin:
- TBS mai sanyi, ba PBS ba.
- Ruwan fasawa: 4% SDC (sinadarin da ke narkar da fatar sel) a cikin Tris 100 mM, pH 8.5. A ranar aiki ake haɗa shi.
- Abin kankare faranti, ƙanƙara, abin dumama tub da ke kai digiri 95.
- Soniketa, ko sirinji da siririyar allura.
- Kayan awon yawan furotin na BCA.
- DTT (mai kwance haɗin sistin a furotin), IAA (mai toshe sistin ɗin kada ya sake haɗuwa), da tirifsin mai ingancin MS. Yawanci yana zuwa µg 20 a kwalba.

Na tacewa:
- TFA, asid ɗin fomik, asid ɗin gilaikolik, ruwan amoniya 25%, asetonaitiril da ruwa masu darajar HPLC.
- Matatar Sep-Pak C18 mai cire gishiri, ta mg 50, guda ɗaya ga kowane samfuri.
- Garin TiO2, mai kama feftaid masu fosfet, misali Titansphere.
- Tub ɗin da feftaid ba ya maƙale masa, takardar awon pH, santirifuj, SpeedVac ko na'urar busarwa a daskare.

Na tabbatarwa: antibodi na ERK mai fosfet da na ERK duka, na AKT mai fosfet a S473 (sirin na 473), da BSA. ERK da AKT kaines ne da saƙon EGFR ke bi ta kansu.

Kada ka wanke komai na wannan aiki da sabulun wanke-wanke, kuma kada Triton X-100 ko NP-40 su kusanci samfurin. Suna ɗauke da sarƙar PEG, wadda ke fitowa a na'ura a jere, dalton 44 tsakanin kowane tsini da na gaba, ta danne feftaid ɗinka. Man shafawa ma yakan ƙunshi irinta. Lokacin hunturu, da kowa ke shafe da mai kuma ƙura ta cika gari, ka riƙa sauya safar hannu akai-akai, ka rufe kowane tub da zarar ka gama da shi, in ba haka ba keratin na fata da gashi ne zai cika jerin sakamakonka.

1. Fara da masu na'ura

Kafin ka narkar da sel ko ɗaya, ka rubuta wa ɗakin binciken da zai yi maka awon, ko a Afirka ta Kudu yake ko a Turai ko a ina. Ka tambaye su furotin nawa suke so, ko su za su tace feftaid masu fosfet ko kai, wace hanyar tattara bayanai na'urarsu ke bi, DDA ko DIA, da ko za su ba ka ɗanyen fayil na kowane samfuri. Wanda zai ba ka tebur na Excel kaɗai, ka nemi wani. Idan sun ce za su yi amfani da TMT, alamar da ake liƙa wa feftaid don a auna samfura da yawa tare, ka sani Tris yana hana shi kamawa, don haka sai an wanke feftaid sosai ko a yi aikin da HEPES tun farko.

Idan naman majiyyaci za ka taɓa, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti da sa hannun majiyyaciyar. Fitar da samfurin mutum daga Najeriya kuma yana buƙatar yarjejeniyar miƙa samfuri, MTA, bisa ƙa'idar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Takardun nan sukan ɗauki lokaci fiye da aikin benci, ka fara su da wuri.

2. Tsara gwajin

Rukuni huɗu sun isa:
- DMSO kaɗai
- DMSO, sannan EGF
- gefitinib kaɗai
- gefitinib, sannan EGF

Kowane rukuni maimaici uku aƙalla, huɗu ya fi. Maimaici na gaskiya shi ne sel da aka shuka daban, a rana daban. Raba ruwan faranti ɗaya zuwa tub uku ba maimaici ba ne, iya fifet ɗinka kawai yake aunawa. A kowace rana ka yi rukunan huɗu tare. Idan ka yi na DMSO duka ranar Litinin, na magani duka ranar Alhamis, ba za ka taɓa raba tasirin magani da tasirin rana ba.

Ka gwada sel ɗin ko suna da maikofilasma. Ba ya dagula ruwan reno, ba a ganinsa a madubin yau da kullum, amma yana tayar da hanyoyin saƙo.

3. Reno, hana siram, sannan EGF

Ka shuka adadi ɗaya a kowane faranti, ka bar su su rufe kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na farantin. In sun cika maƙil, saƙon ERK yakan yi sanyi.

Idan babu iskar CO2, wannan layin sel yana rayuwa a ruwan Leibovitz L-15 cikin inkubeta ta iska zalla a digiri 37. Sai dai kada ka sa L-15 a inkubeta mai CO2, zai yi tsami. Kuma galaktos ne a cikinsa maimakon gulukos, saboda haka kada ka kwatanta sel na L-15 da na DMEM a gwaji ɗaya.

Da yamma ka zubar da ruwan, ka ɗauraye, ka zuba marar siram, su kwana awa 16 zuwa 18. Siram cike yake da abubuwan da ke kunna hanyoyin da kake son aunawa. Da safe ka sa gefitinib 1 µM na awa 2, sauran kuma DMSO daidai yawan da ya shiga na maganin, kada ya wuce 0.1%. Sannan EGF 100 ng/mL na minti 10.

A nan agogo ne shugaba. EGFR yana kama fosfet cikin minti na farko, ERK ya kai ƙololuwa wajen minti 5 zuwa 10. Idan ka zuba wa faranti huɗu EGF lokaci guda, kafin ka kankare na ƙarshe ya kai minti 16. Ka ba da tazarar minti 3 tsakaninsu, ka rubuta lokacin kowanne a murfinsa. Kada kuma ka fito da dukkansu ka jera a benci, sanyi da jijjiga kaɗai suna kunna kaines ɗin p38 da JNK.

4. Fasa sel

Kafin ka ɗauko faranti, abin dumama ya riga ya kai digiri 95, tub a rubuce, ƙanƙara a tire.

Ka ɗora farantin a kan ƙanƙara, ka tsotse ruwan renon. Ka ɗauraye sau biyu da TBS mai sanyi mL 5, da sauri, ka karkata farantin ka tsotse ɗigon ƙarshe. Dalilin ƙin PBS shi ne fosfet ɗin da ke cikinsa zai yi gogayya da feftaid ɗinka wajen kama TiO2. Ka zuba ruwan fasawa µL 400, ka kankare. Zai yi yauƙi saboda DNA, ka yanke bakin tsinken fifet kaɗan don ya ɗauku. Ka juye a tub, kai tsaye zuwa digiri 95 na minti 5. Daga fitowar faranti zuwa shigarsa zafi kada ya wuce minti 2.

Kada ka ɗago sel da tirifsin kamar yadda kake yi wajen raba su. Zai yanke EGFR da ke bayan sel, kuma minti biyar ɗin da za su yi suna shawagi ya isa ya canza komai.

Na fifita wannan hanya a Zariya saboda zafi yana kashe kaines da fosfatas gaba ɗaya, don haka ba ka dogara ga santirifuj mai sanyi ko ga wutar da ba ta da tabbas. In babu abin dumama, tukunyar ruwa mai tafasa ta wadatar, amma ka yi amfani da tub mai murfin murɗawa, na dannawa yakan buɗe da kansa.

Bayan ya huce, ka kakkarya DNA da soniketa, daƙiƙa 10 sau uku da hutu a tsakani, har ya daina yauƙi. In babu ita, ka ja shi ka tura ta siririyar allura sau 15 zuwa 20. Ka juya a santirifuj a ƙarfin 16,000 × g na minti 10, ka kwashe ruwan sama. A nan za ka iya tsayawa ka ajiye a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili.

Idan SDC bai samu ba, akwai yuriya 8 M a Tris 50 mM, pH 8. Amma ita ba a dumama ta. Da zafi takan zama sayanet, ya maƙale wa laisin da bakin feftaid, ya hana tirifsin yanka. Takardun Turawa idan sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi, ba ɗakin Zariya a watan Afrilu ba. Ka sa ma'aunin zafi a benci, in ya haura 30 ka yi aikin a cikin kula mai ruwan sanyi. Kuma da yuriya dole ka ƙara masu hana fosfatas: sodiyam fulorayid 10 mM da otobanadet 1 mM. Shi otobanadet sai an shirya shi tukuna: a kai pH 10, a tafasa har ruwan ɗorawar ya washe, a sake daidaita pH, a maimaita har ya tsaya.

5. Idan naman ƙari ne daga tiyata

Wani bincike na 2014 a kan ƙarin mama da na ƙwan mace ya nuna cewa barin nama har awa ɗaya kafin a daskarar bai taɓa yawan furotin ba, amma ya sauya har kusan kashi 24 cikin 100 na wuraren fosfet, wasu tun a mintunan farko. Hanyoyin da suka fi motsawa kuwa su ne na MAPK, dangin kaines da ERK ke ciki, waɗanda kake nema. Ɗora nama a ƙanƙara ba ya tsayar da wannan.

Saboda haka ba a ɗaukar nama daga Shika a kai Samaru a daskarar. Ruwan naitirojin ne zai je ƙofar ɗakin tiyata ya jira. Likitan da ke duba nama a madubi shi ke da haƙƙin farko, domin gano cutar majiyyaciya ya fi bincikenka, shi zai yanka maka abin da ya rage. Mg 30 zuwa 50 ya isa, a guji kitse da wurin da ya ruɓe. Ka jefa a naitirojin, ka rubuta lokacin da aka cire da lokacin da ya daskare. Ka yi ƙoƙari ya zama ƙasa da minti 10, abin da ya haura 30 ka ware shi. Yankin da ke manne da naka a sa shi a fomalin don a ga kashi nawa ne sel na sankara a ciki. Naka kam kada ya ga fomalin ko OCT, ruwan da ake daskarar da nama a ciki kafin a yayyanka. Ka rubuta ko an riga an yi mata kimo, da matsayin ER, PR da HER2, da lamba maimakon suna.

Masu aikin ajiye maniyyin bijimai a fannin dabbobi da naitirojin suke aiki kullum, su za ka tambaya inda suke samu. Kada ka zuba shi a fulas ɗin shayi ka murɗe murfi, zai fashe. A mota a sauke gilashi. In bai samu ba, busasshiyar ƙanƙara da aka jiƙa da etanol za ta yi, a sa naman a tub tukuna a tsoma.

Ranar aiki ka daka naman a turmin awo da aka sanyaya da naitirojin, kada ya narke, ka juye garin a ruwan SDC, sai digiri 95. Ka ɗauki kowane nama a matsayin mai ɗauke da cutar hanta ko HIV har sai ya dahu.

6. Auna furotin, ka gwada kafin ka kashe kuɗi

Ka yi BCA yanzu, kafin DTT ya shiga, domin DTT yana ba da launin ƙarya. Ana karantawa a 562 nm. Faranti ɗaya yakan ba da µg 500 zuwa mg 1.

Ka ɗebi µg 20 daga kowanne ka yi westan bulot. ERK mai fosfet ya kamata ya yi ƙasa a DMSO, ya tashi sosai da EGF, ya faɗi da gefitinib. In ba ka ga haka ba, ka tsaya a nan. Ko EGF ya mutu a hanya, ko siram bai fita ba, ko an yi jinkiri a fasawa. Ka toshe takardar bulot da BSA 5% a TBST, ba da madara ba, domin kesin na madara shi kansa furotin ne mai fosfet. Garin madarar ma ka nisanta shi da bencin da kake shirya samfuri.

7. Yanka da tirifsin

Ka ɗebi µg 500 daga kowane samfuri, ka cika su da ruwan fasawa su zama girma ɗaya, misali µL 250.

DTT 5 mM, digiri 56, minti 30, amma mai yuriya kada ya dumama. A bari ya huce. IAA 15 mM, cikin duhu, minti 30, wajen digiri 25. Sai ƙarin DTT 5 mM na minti 15 ya cinye ragowar. IAA haske yana kashe shi, a lokacin ake narkar da shi, ba a ajiye na jiya. In zafi ya yi yawa ko lokaci ya zarce, yakan kama laisin da histidin bayan sistin. Mai TCEP da CAA, madadin DTT da IAA, zai iya haɗa matakan biyu, 10 mM da 40 mM, digiri 45 na minti 5, amma ya fara daidaita TCEP zuwa pH 7 ko 8, in ba haka ba tsaminsa zai sa SDC ya guntse.

Ka ƙara Tris 100 mM µL 750 don SDC ya sauko 1%. Mai yuriya ya sauke ta ƙasa da 2 M. Ka ɗiga kaɗan a takardar pH, ya zama 8 zuwa 8.5. Tirifsin µg 10 ga kowane samfuri, wato ɗaya bisa hamsin. Samfuri 12 zai ci kwalba 6, ka lissafa tun wajen oda. A bar shi awa 16 a digiri 37, na yuriya kuma a 25.

Idan kana tsoron ɗaukewar wuta cikin dare, ka cika kula da ruwa mai digiri 37, ka sa tub a kan soso mai shawagi, ka rufe. Ko ya sauka zuwa 30 tirifsin yana aiki, a hankali dai. Da safe ka gudu da µg 5 a jel tare da wanda ba a yanka ba. Layukan furotin su ɓace. In sun rage, ka ƙara rabin tirifsin ka ba shi awa 4.

8. Cire SDC da gishiri

Ka zuba TFA ya kai 1%, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Nan take ruwan zai yi fari, SDC ne ya guntse. Ka tabbatar pH ya sauka wajen 2, ka juya a 16,000 g na minti 10, ka kwashe ruwan sama a hankali.

Sep-Pak: asetonaitiril mL 1, sai 50% asetonaitiril mL 1, sai 0.1% TFA mL 3. Ka ɗora samfurin ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo da kansa. Wanki da 0.1% TFA mL 3. Ka sauko da feftaid da 50% asetonaitiril mL 1. Kada ya bushe tsakanin matakai, kada kuma ka tura da ƙarfi.

Ka ware µg 20 a tub daban, da shi za a auna yawan furotin duka. Ka busar da kashi biyun. SpeedVac ba tare da zafi mai yawa ba, ko a daskarar a busar. In duka babu, a hura iskar naitirojin a hankali a saman ruwan. Busasshen feftaid yana zama lafiya a firiza ta digiri 20 ƙasa da sifili.

Ga mai farawa, shawarata ya tura daga nan, masu na'ura su tace. Mataki na gaba shi ne inda hannu ya fi bambanta da hannu.

9. Tace masu fosfet da TiO2

Feftaid masu fosfet 'yan kaɗan ne a cikin taron, in ba a ware su ba na'ura ba za ta kula su ba.

Ruwan lodi: 80% asetonaitiril, 5% TFA, gilaikolik 1 M. TiO2 yana son duk abin da ke da cajin asid, har da feftaid masu yawan gulutamet da asfatet. Tsamin TFA da gilaikolik ne ke korar waɗannan su bar masu fosfet. In babu gilaikolik, asid ɗin laktik yana yi.

Ka narkar da feftaid a ruwan lodi µL 500, ka juya, ka bar duk abin da bai narke ba. Gari mg 3 ga µg 500, wato shida bisa ɗaya. Ka auna na duka samfuran a tub ɗaya, ka dama a ruwan lodi, ka riƙa girgizawa kafin kowane ɗiba, domin yana kwantawa cikin daƙiƙoƙi, na farko ya sami ruwa, na ƙarshe ya sami tulin gari. Gari in ya yi yawa yana kwaso tarkace. In ya yi kaɗan, masu fosfet biyu da uku sukan mamaye wurin su kori masu ɗaya.

A girgiza minti 15, a juya, a kwashe ruwan zuwa sabon gari rabin na farko, a sake. A haɗa garin biyu a wanke: ruwan lodi, sai 80% asetonaitiril da 1% TFA, sai 10% asetonaitiril da 0.1% TFA. A bar shi ya sha iska minti 5. A saki feftaid da ruwan amoniya, µL 60 na 25% a ruwa µL 940, a ɗebi µL 100 ga kowanne, minti 15. Amoniyar da ta daɗe a buɗe ta riga ta tsere, ka duba pH ya kai 11.

Da ka kwashe, nan take ka zuba asid ɗin fomik µL 10. Fosfet na sirin da tiriyonin yana ɓallewa idan ya daɗe a pH mai tsawo. Ka tace ta tsinken fifet mai toshiyar C8 don kada ƙwayar gari ko ɗaya ta wuce ta toshe wa masu na'ura kwalam, siririn bututun da ke rarrabe feftaid, ka wanke a StageTip na C18, ka busar.

Wannan hanya sirin da tiriyonin take kamawa galibi. A binciken 2006 da aka yi wa sel na HeLa da EGF, wanda ya gano wurare 6,600 a furotin 2,244, tairosin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Idan tambayarka a kan tairosin take, sai antibodi irin su P-Tyr-1000 da furotin na miligiram da dama.

10. Turawa

Busasshen feftaid ya fi nama ko ruwan sel jure tafiya nesa ba kusa ba, kuma ba ya buƙatar busasshiyar ƙanƙara. Ka naɗe murfi da Parafilm, ka sa a leda mai zif tare da ƙullin silika mai shan danshi, musamman da damina. Lamba kawai a jikin tub, da alƙalamin da ba ya gogewa. Ka roƙe su su cakuɗa jerin shigar samfuran a na'ura, kada su bi rukuni-rukuni. Ka riƙe ragowar ruwan sel a gida.

11. Daga ɗanyen fayil zuwa tebur

Kowane fayil yakan kai gigabait ɗaya ko fiye. Kana buƙatar kwamfuta mai RAM 16 GB aƙalla, a jone da inbata, domin binciken fosfet yakan kwana yana gudu. Manhajar MaxQuant ko FragPipe ga DDA, DIA-NN ga DIA.

Saiti: jerin furotin na ɗan Adam daga UniProt, enzayim tirifsin, a yafe tsallaken yanka 2, kabamidometil a sistin a matsayin tabbatacce, fosfet a S, T, Y da oksijin a metiyonin a matsayin masu yiwuwa, FDR, wato kason sakamakon ƙarya da aka yafe, 1%.

Kafin komai ka duba kashi nawa na feftaid ke da fosfet. Sama da 80 cikin 100 tacewa ta yi kyau, ƙasa da 50 wanki ko tsamin ruwan lodi ya gaza. A manhajar Perseus ka cire na gurɓata da na jerin baya, wato jerin bogi da ake ƙiyasta kuskure da shi, ka riƙe wuraren da tabbacin matsayinsu ya kai 0.75, ka mayar log2, ka daidaita tsakiyar kowane samfuri. Ka riƙe wurin da aka gani aƙalla sau uku a rukuni ɗaya. Ka zana PCA, taswirar da ke nuna samfuran da suka yi kama da juna: in samfura sun taru bisa ranar aiki maimakon magani, sai ka sa ranar cikin lissafi. Gurbin da babu lamba ba ya nufin babu fosfet, na'ura ce ba ta gani ba, don haka duk sakamakon da ya dogara ga lambobin cike gurbi ka koma ka duba shi da ido.

12. Karanta hanyoyin

Ka fara da abin da ka san amsarsa. ERK2 yana ƙarƙashin sunan MAPK1, feftaid ɗinsa VADPDHDHTGFLTEYVATR, fosfet a T185 da Y187. ERK1 shi ne MAPK3, T202 da Y204. In sun bi yadda westan ya nuna, sai ka yarda da sauran.

Lambobin EGFR suna rikita mutane. Abin da kwalbar antibodi ta kira Y1068 shi ne Y1092 a UniProt, Y1173 kuma Y1197, saboda amino asid 24 na farko da ake yankewa. AKT S473 sau da yawa ba ya fitowa. Ka duba waɗanda yake sa wa fosfet: AKT1S1 a T246 da GSK3B a S9. A waɗannan sel, da yake babu PTEN, za ka iya tarar da ERK ya faɗi da gefitinib amma ɓangaren AKT bai sauka sosai ba. Wannan ba kuskure ba ne, ita ce hanyar da sel ɗin ke kuɓuce wa maganin.

Ba kowane fosfet ne ke kunnawa ba. GSK3B S9, CDK1 Y15 da SRC Y530 kashewa suke yi. Ka duba kowane wuri a PhosphoSitePlus kafin ka rubuta cewa hanya ta tashi. Mafi yawan wuraren da za ka samu ba a san kaines ɗinsu ba, shi ya sa KSEA, wanda ke ƙiyasta aikin kaines daga tarin wuraren da aka san nasa ne, ya fi amfani a kan zuba sunayen furotin a taswirar hanyoyi. Kaines da aka ƙiyasta da wuri biyu ko uku kada ka gina babi a kansa.

A gwajin minti 10 yawan furotin ba ya sauyawa. A magani na awa 24, ko a naman majiyyata, yana sauyawa, kuma a nan ne µg 20 ɗin da ka ware zai yi aiki: ka raba sauyin fosfet da sauyin furotin ɗinsa, in ba haka ba za ka kira ƙaruwar furotin kunnuwar hanya.

Duk kaines da ka zarga, ka koma faranti da shi. Ka sa maganin da ke toshe shi, misali trametinib ga MEK, ka ga ko wuraren da ka jingina masa sun faɗi a westan, ka kuma auna ko sel sun rage yawaita. Sakamakon naman majiyyaci na bincike ne, ba a sauya wa kowa magani da shi. Lokacin wallafawa, mujallu sukan nemi ka ɗora ɗanyen fayil a rumbun bayanai na PRIDE tare da teburin da ke nuna wane fayil ne na wane samfuri, da lambar kwalbar tirifsin da ta TiO2 da lokutan da ka rubuta a murfin faranti za su shiga sashen hanyar aiki.